Yadda Ake Zaɓen Bawul Na Amfilifaya

'Yan'uwana ɗalibai, na tabbata galibinku ba ku taɓa ganin bawul irin na rediyon zamanin da ba. Ni ma ban san shi ba sai a hutun Disamba da ya wuce, kuma hanyar da na bi na san shi ba mai daɗi ba ce, domin fasa shi na yi.

Kakana na wajen uba yana da wata amfilifaya, watau na'urar nan da ke karɓar sauti mara ƙarfi daga garmaho ta ƙarfafa shi, sa'an nan ta miƙa wa lasifika. Sunanta Leak Stereo 20, ƙirar Ingila ce, an fara sayar da irinta a 1958. Ya zo da ita a jirgin ruwa lokacin da ya komo daga karatu, tun ba a haifi mahaifina ba. Ba ta da murfi. A kanta akwai taransifoma uku masu nauyin gaske, da waɗansu kwalabe takwas na gilashi a tsaitsaye, kowace ba ta fi tsawon yatsan babban mutum da yawa ba. In an kunna ta da dare sai ka ga cikinsu ya yi ja kamar garwashi. Waɗannan kwalabe su ne bawul. Da ita Kaka yake sauraron faya-fayansa na Shata da Ɗan Maraya Jos bayan sallar isha'i, kuma duk gidan ba wanda ke da izinin taɓa ta.

Ran nan na ga ƙurar hunturu ta rufe ta, na ce bari in yi abin kirki. Na zare bawul ɗaya don in goge, sai ya suɓuce ya faɗi a kan siminti. Bai tarwatse ba, ɗan tsagewa kawai ya yi a gindi. Na yi niyyar in mai da shi in yi shiru, amma kafin in gama shawara sai na ga wata azurfa da ke shafe a cikin kansa tana komawa fari fat kamar alli. Ashe bawul ba ya rufa wa mai laifi asiri. Da na faɗa wa Kaka, ya juya shi a hannu, ya daɗe bai ce kome ba, kana ya ce, "To, abokina, wanda ya fasa shi ne zai nemo wani. Amma ka sani, in ka kawo mini wanda zai ƙone taransifoma, ni da kai ba sauran zumunci." Wasa yake yi irin na kaka da jika, amma rabinsa gaskiya ne. Bawul ana samun wani. Taransifomar asali ta wannan amfilifaya kuwa an daina yin ta tuntuni, wadda za a naɗa maka sabuwa kuma tsadarta ta fi ƙarfin ɗan makaranta.

Kafin in shiga labarin nema, ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin kwalbar. An zuƙe iskar cikinta sarai aka liƙe. A tsakiya akwai siririn bututun ƙarfe da ake kira katod, a cikinsa da zaren waya mai ɗumama shi har ya kai zafin kusan digiri 800. In ya yi zafi haka sai ya riƙa fitar da ilektiron, waɗannan ƙwayoyin lantarki da muke karantawa a darasin Fiziks. Kewaye da shi akwai wani ƙarfe mai faɗi da ake ce wa faranti, wanda ake ba wuta mai ƙarfin bolt 300 ko fiye, shi kuma ya jawo ilektiron ɗin zuwa gare shi. Wani Baturen Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya ƙera irin wannan mai sassa biyu a 1904. A 1906 sai wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya sa wata 'yar raga ta waya tsakanin katod da faranti, wadda ni nake kira rariya. To, a nan dabarar take. Ƙaramar wuta in ta shiga rariya tana iya rage ko ƙara babbar wutar da ke wucewa zuwa faranti, kamar yadda mai ban ruwa a lambu yake toshe bakin fangali ko ya buɗe shi da ƙafa ɗaya, ruwa mai yawa ya bi abin da ƙafar ta ce. Ɗan sautin garmaho shi ne ƙafar, wutar faranti ita ce ruwan. Azurfar nan kuwa da na ga ta yi fari, wani sinadari ne mai suna bariyam da ake fesawa a ciki don ya shanye ragowar iska. In iskar waje ta shiga sai ya yi fari, bawul ya mutu ke nan.

A 1947 aka ƙirƙiro taransista a Amurka, ita kuwa ƙarama ce, ba ta bukatar ɗumi, ba ta fashewa. Cikin shekara ashirin zuwa talatin ta kori bawul daga rediyo da talabijin. Amma har gobe akwai masu kaɗa gita da masu son sauraron kiɗa a gida waɗanda ba su yarda da kome ba sai bawul, kuma akwai kamfanonin da ke ƙera musu amfilifaya masu tsada ƙwarai. Duk wanda ya mallaki irinta wata rana zai nemi sabon bawul, ko da ba shi da jika mai karambani, domin katod yana gajiya. Manyan bawul masu tura lasifika sukan yi awa dubu biyu zuwa biyar suna aiki, ƙananan kuwa sukan kai dubu goma.

Wanda na fasa an rubuta masa Mullard EL84. Na kwafe a takarda na nufi kasuwa wajen masu sayar da kayan tsofaffin rediyo. Bayan na sha yawo sai wani mutum ya zaro mini ɗaya daga cikin gwangwani, tsawonsa ɗaya da namu, ƙafafunsa tara kamar namu, an rubuta masa PL84. Na ce harafin farko ya bambanta. Ya ce, "Samari, lamba ake dubawa. Ba ga 84 ba?" Na biya na tafi ina murna.

Allah ya taimake ni ban wuce gida kai tsaye ba. Na biya ta shagon wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, wanda kowa ke kira Baba, shi ne kuma ke duba wa Kaka kayansa tun da daɗewa. Ya kalli abin da na sayo ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce, "Ɗana, wannan na talabijin ne." Daga nan ya zaunar da ni ya koya mini karatun sunan bawul, wanda ashe ba suna ba ne kawai, bayani ne. A tsarin Turai, harafin farko yana faɗin irin wutar da zaren ɗumi yake ci. E na nufin bolt 6.3. G a nan na nufin bolt 5. P kuwa na bawul ɗin talabijin ne, waɗanda ake jera zarensu a layi ɗaya, kuma zaren PL84 bolt 15 yake so. Da na sa shi a amfilifayar Kaka da ko ɗumin kirki ba zai yi ba. Haruffan da ke biye suna faɗin aikinsa. C ƙaramin bawul ne mai rariya ɗaya, shi ya sa ECC83 yake da C biyu, don biyu ne a kwalba ɗaya. L babba ne mai tura lasifika. Z kuma shi ne mai juya wutar gida ta koma mai bin hanya ɗaya. Lambar ƙarshe ita ce ke faɗin irin gindinsa: 80 da 'yan kai na masu ƙafa tara ne, 30 da 'yan kai na masu gindin ƙafa takwas. Watau 84 ɗin nan da mutumin ya nuna mini ba ta ce kome ba illa bawul ɗin zai shiga ramin. Na koma kasuwa washegari, mutumin ya ce kayan da aka saya ba a mayarwa.

Wani abin da ke rikita mai saye shi ne bawul guda yana da suna biyu ko uku, saboda Amurkawa da nasu tsarin. EL84 su 6BQ5 suke ce masa, EL34 kuma 6CA7, GZ34 shi ne 5AR4, ECC83 shi ne 12AX7. Rashawa suna da nasu mai suna 6P14P wanda ke zama a gurbin EL84. Wannan duk ba laifi. Inda laifin yake shi ne 'yan'uwan da suka yi kama amma halinsu daban. ECC81 da ECC82 da ECC83 in ka goge rubutunsu da ƙyar za ka rarrabe su, ƙafafunsu ma tsarinsu ɗaya ne, amma ECC83 yana iya ninka sauti sau 100, ECC81 sau 60, ECC82 kuwa bai kai sau 20 ba. Akwai kuma 6N2P na Rasha, wanda aikinsa kusan na ECC83 ne, amma an haɗa zaren ɗuminsa ta wata hanya dabam, in ka sa shi a gurbin ECC83 ba tare da sake waya ba ko kamawa ba zai yi ba.

Wanda bai kama ba ma da sauƙi. Mafi haɗari shi ne wanda zai kama, ya yi kiɗa mai daɗi, alhali yana cin taransifoma a ɓoye. Kowane zaren ɗumi akwai yawan wutar da yake ja, kuma mai ƙera amfilifaya ya naɗa taransifomarsa ne daidai da wannan nauyi. Alal misali 6L6GC da EL34 da KT88 duk gindinsu ɗaya, amma na farko amfiya 0.9 yake ja, na biyu 1.5, na uku 1.6. Wanda ya cire 6L6GC huɗu ya zuba EL34 huɗu ya ƙara wa taransifoma nauyin amfiya 2.4 ke nan da ba a yi ta dominsa ba. Haka nan GZ34 da ke amfilifayar Kaka amfiya 1.9 yake ja, akwai kuma 5U4G da zai shiga raminsa daram amma yana jan amfiya 3. Bayan wannan, GZ34 a hankali yake sakin babbar wuta, sai sauran bawul sun soma ɗumi, 5U4G kuwa kusan nan take yake sakinta. Taransifomar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta ba ta kuka. Zafi take yi kullum, har ranar da za a ji ƙauri. Saboda haka abu na farko shi ne a sayi lambar da mai ƙera na'urar ya rubuta, ko wadda littafin na'urar ya ce tana zama a gurbinta. Quad II ta 1953 KT66 take ci, Dynaco ST-70 ta 1959 EL34, McIntosh MC275 ta 1961 KT88, tamu kuwa EL84 huɗu, ECC83 uku, GZ34 ɗaya.

Na ce to, Baba, yanzu sai mu nemo EL84 guda ɗaya. Ya ce ba za mu nemi kome ba tukuna sai ya duba amfilifayar kanta. Muka ɗauko ta ni da ƙanena a cikin kwali, da izinin Kaka. Dalilinsa shi ne, sau da yawa in bawul ya mutu ba shi ne mara lafiya ba, wani abu ne ya kashe shi, in ka sa sabo shi ma zai bi sahu. Tsakanin ƙaramin bawul da babba akwai kwandansa, aikinta ta bar sauti ya wuce ta tare babbar wuta. In ta tsufa sai ta soma yoyo, wuta ta zubo kan rariyar babban bawul, rariya ta buɗe ƙofa gaba ɗaya, faranti ya yi ja jawur. Kwandansar da ta shekara sittin ba a zarginta in ta yi yoyo. Baba ya ɗora mita a ƙafar rariya, inda ya kamata allura ta tsaya a sifiri, sai ga ɗaya tana nuna kusan bolt 2. Ya sauya duka huɗun. Da Kaka ya ji, ya ce ashe ɓarnata ta zo da alheri, amma kada in ɗauka an yafe.

A nan zan ja kunnen duk mai sha'awa. Cikin irin wannan na'ura akwai wutar da ta wuce bolt 300, kuma manyan kwandansa suna riƙe ta ko bayan an zare waya daga bango. Tana kisa. Ni kallo na yi da rubutu, hannun Baba ne kawai ya shiga, shi ma hannu ɗaya yake sawa, ɗayan yana cikin aljihu.

Sai maganar da ta fi tayar mini da hankali, watau ɗaya ba zai isa ba. Amfilifayar tana da ɓangare biyu, na lasifikar dama da na hagu, kowane ɓangare da EL84 biyu masu aiki tare. Yadda suke aiki kamar mata biyu ne suna lugude a turmi ɗaya, in wannan taɓarya ta sauka waccan ta tashi. Ɗaya yana ɗaukar rabin sautin, ɗayan ya ɗauki ɗaya rabin, su haɗu a taransifoma. Kowa ya san in aka haɗa ƙaƙƙarfar budurwa da tsohuwa a lugude amon ba zai daidaita ba. A bawul ma haka ne, har da ƙari. Wutar da biyun ke ja tana bin taransifoma ta fuskoki biyu masu gaba da juna, in sun yi daidai sai su kashe maganaɗisun juna, ƙarfen taransifoma ya huta. In ɗaya ya fi ɗaya ja sai ƙarfen ya cika da maganaɗisu, murya mai kauri ta dusashe, a riƙa jin gurnani a lasifika. Shi ya sa masu sayarwa na kirki suke gwada bawul ɗaya bayan ɗaya, su haɗa waɗanda suka yi daidai biyu-biyu ko huɗu-huɗu, su rubuta sakamakon a jikin kwali. Abu biyu suke aunawa: yawan wutar da faranti ke ja, da kuma yadda wutar take sauyawa in an taɓa rariya.

A wannan wuri ne na ga amfanin dokar Ohm, wadda da nake haddacewa don jarrabawa kawai. A ƙarƙashin kowane EL84 na amfilifayar Kaka akwai rizista mai om 270. In ka auna bolt nawa ke kanta ka raba da 270, ka san wutar da bawul ke ja ke nan. Tsofaffin ukun da suka rage sun ba mu 10.2 da 9.1 da 8.0, watau miliamfiya 38 da 34 da 30. Kowanne ya gaji, amma ba gajiya ɗaya ba. Da mun sa sabo kusa da mai 30, da lugudan budurwa da tsohuwa muka haɗa. Baba ya ce mafi ƙaranci a sayi biyu, amma sai dama ta fi hagu ƙarfi, gara huɗu. Na yi lissafin guzurina na zango, na ji jikina ya yi sanyi.

Wannan rizista ita ke tsayar wa bawul yawan wutar da zai ja in ba sauti, kuma da kanta take daidaitawa, saboda haka a irin tamu sai dai a zare tsoho a sa sabo. Amma ba duka amfilifaya ke haka ba. Waɗansu suna da wani ɗan maɓalli da ake murzawa da sukudireba, kuma tilas ne a sake saita shi duk sa'ad da aka sauya manyan bawul. A Dynaco ST-70 ana murzawa har mita ta nuna bolt 1.56. Masu ita sun zaɓi wannan lamba ne da gangan, don ita ce ƙarfin sabon batirin tocila, mai mita mara kyau sai ya gwada da batir ya ga inda allura ta tsaya, ya saita daidai nan. Wannan dabara ta burge ni. Wanda ya sa sabon bawul a irin wannan bai saita ba, ko dai bawul ya yi sanyi sauti ya yi kaushi, ko ya yi zafi ya ƙone cikin watanni.

Da muka tabbatar da lamba da adadi, sai aka zo kan suna, wanda mutane da yawa suke farawa da shi. Kaka ya ce shi Mullard yake so kamar na da. Mullard kamfanin Ingila ne, babbar masana'antarsa tana garin Blackburn, kuma ta daina yin bawul tun farkon shekarun 1980. Waɗanda suka rage a ajiya ba a taɓa amfani da su ba, Turawa na taƙaita sunansu da NOS, watau sabo amma tsohon ajiya, kuma kullum ƙara tsada suke don ba a ƙara yin wasu. Lalle an san su da inganci da daɗewa. Amma inda kuɗi ya taru, maƙaryata ma sun taru. Fentin jikin bawul da yatsa ma yana gogewa, saboda haka ba wuya a goge sunan mai araha a buga na mai tsada, ko a ɗauko wanda ya sha aiki a sa shi cikin sabon kwali. Masana ba fenti suke dubawa ba. Na Blackburn na gaskiya yana da waɗansu ƙananan lambobi da aka ci a jikin gilashin, layi na biyu ya fara da harafin B. Na duba wanda na fasa, ga B ɗin nan kuwa, abin ya ƙara mini baƙin ciki. ECC83 na kamfanin Telefunken na Jamus shi kuma yana da 'yar alama mai kusurwa huɗu a cikin gilashin gindinsa, tsakanin ƙafafu. Duk da haka alama tana faɗin inda aka yi shi ne, ba ta faɗin sauran ƙarfin da ke gare shi. Wannan sai na'urar gwaji.

Wani abin mamaki kuma, yau za ka iya sayen sabon bawul fil mai sunan Mullard, amma ba a Ingila aka yi shi ba. Wani kamfanin New York mai suna New Sensor shi ya mallaki sunan, tare da waɗansu tsofaffin sunaye irin su Tung-Sol da Genalex Gold Lion, kuma a masana'antar garin Saratov ta Rasha ake ƙera su, inda ake yin Sovtek da Electro-Harmonix. Ba zamba ba ce, don suna rubuta ƙasar a jiki, amma mai saye ya san abin da yake saya. Masana'antun da suka rage a duniya 'yan kaɗan ne. Ban da ta Saratov akwai JJ Electronic a Sulobakiya, da waɗansu a ƙasar Sin irin su Psvane, sai Western Electric a jihar Jojiya ta Amurka mai yin wani shahararren bawul, 300B, wanda aka fara yi a 1938, kuma a 2022 guda biyu sun kai wajen dala 1,500. Ƙarancin nan yana da illa. A watan Maris na 2022, bayan yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, aka ji labarin Rasha ta hana fitar da waɗansu kaya har da bawul, mutane suka yi ta saye suna ɓoyewa, kantuna suka ƙare, farashi ya tashi.

To, shin mai tsada ya fi daɗin sauti? A nan ra'ayi ya rabu, ni kuma ga nawa. Amfilifaya irin ta Kaka tana ɗebo kaɗan daga sautin da ya fita ta komar da shi baya don ta gyara kuskurenta, wannan kuwa yana shafe yawancin bambancin da ke tsakanin wannan bawul da wancan, muddin dukansu lafiyayyu ne. Bambancin da na tabbata kunne zai ji shi ne na lafiya: mai huci, mai gurnani, da mai amo. Ƙaramin bawul na farko shi ya fi muhimmanci a nan, domin duk hayaniyar da ya yi sauran za su ninka ta. Baba ya nuna mini gwajinsa, ya ɗan ƙwanƙwasa kowane ECC83 da gindin fensir. Lafiyayye shiru yake yi, wanda sassan cikinsa suka saki kuwa sai ka ji lasifika ta amsa kamar an taɓa ƙararrawa. Namu uku duk sun yi shiru, GZ34 ma ƙalau, muka bar su. A ganina wanda ke da kuɗin tsohon ajiya gara ya kashe su a kan ƙaramin bawul mai daɗewa, manyan da ke ƙarewa kamar tayar mota kuwa ya sayi sababbi, daga mai sayarwa da zai rubuta sakamakon gwaji kuma ya yarda a mayar masa in an sami matsala. Darasin mayarwa dai na riga na koye shi a kasuwa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a nan wanda Baturen Ingila bai damu da shi ba, watau wutarmu mai hawa da sauka, ga kuma janareta. EL84 iyakar zafin da farantinsa ke ɗauka wat 12 ne. A amfilifayar Kaka faranti yana jan wajen miliamfiya 35 a kan bolt 300, watau wat 10.5, saura ƙiris ke nan. In wutar gida ta hau, zaren ɗumi da faranti duk za su wuce ƙa'ida. Don haka Baba ya zaɓa mana irin na Saratov da aka ƙarfafa, mai suna EL84M, wanda ke jure wuta fiye da na kullum, ya kuma mai da wurin zaɓen ƙarfin wuta na amfilifayar kan lamba mafi girma, ya ce kada a ƙara kunna ta ba tare da sitabilaiza ba.

Kawuna da ke aiki a Legas shi ya yi mana oda ta intanet. Kaka ya biya uku, kuɗin ɗaya aka cire daga guzurina, waɗanda muke ɗaki ɗaya da su yanzu sun san dalilin da ya sa nake shan garin kwaki ba sukari a wannan zango. Kayan ba su iso ba sai da na koma makaranta, amma Kaka ya ce ba za a sa ba sai na zo hutun tsakiyar zango.

Ranar da aka sa, Baba ya zo gida da mitarsa. Ya fara tabbatar da lasifika biyu suna haɗe, domin amfilifayar bawul in an kunna ta ba lasifika taransifomarta na iya lalacewa. Ya duba ƙafafun kowane bawul ko akwai lanƙwasasshiya, ya daidaita giɓin ƙafafun da na ramin, ya danna a hankali. Aka kashe fitilar ɗaki aka kunna. Muka zuba ido minti goma muna duban faranti ko zai yi ja. Na ga wani shuɗin haske a jikin gilashin ɗaya na tsorata, Baba ya ce wannan ba kome, wanda ake tsoro shi ne haske mai ruwan hoda a can tsakiyar ƙarafan, don alamar iska ce. Ya auna rizista huɗun: 10.4, 10.5, 10.5, 10.6.

Kaka ya ɗora faifan Shata, ya jingina, ya rufe ido har waƙar ta ƙare. Ni dai a kunnena gurnanin da ke can ƙasa ya ɓace, kalangu ya fito sarai. Na ce, "Kaka, yaya ka ji?" Ya ce, "Ba laifi, amma na da sun fi zaƙi." Baba ya sunkuya ya raɗa mini cewa kunnen Alhaji na hagu ya shekara goma ba ya jin kiran salla sai an tashe shi. Tsofaffin ukun Kaka ya naɗe su da auduga ya sa a gwangwanin alewa, har da wanda na fasa, ya kulle a akwati. PL84 kuwa ya ce in riƙe, nawa ne. Yana cikin akwatina a ɗakin kwana, duk mai son ganin katod da rariya da faranti ya same ni bayan karatun dare.